Ganin takarda a PubMed ba shi ne samun hujja ba

Wani salo ya shigo cikin 'yan bokonmu, kuma a ganina ya fi jahilcin da muke kuka da shi haɗari. Da zarar gardama ta tashi kan wani magani, sai mutum ya zaro waya, ya rubuta sunan maganin a PubMed, ya ɗauki hoton kan wata takarda ya watsa wa jama'a, ya ce bincike ya tabbatar. Shi ke nan, kowa ya yi shiru. Masu tallar magani a rediyo da Facebook sun gane lagon, su ma yanzu da "masana a Amurka sun gano" suke buɗe baki. Ni kuwa na ce wannan ba ilimi ba ne, kuma ana cutar da mutane da shi.

PubMed rumbun bayanai ne na babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, an buɗe shi kyauta ga kowa tun 1997, yana kuma ɗauke da bayanan takardu fiye da miliyan 35. Iyakar aikinsa ya sanar da kai cewa an rubuta abu kaza a mujalla kaza. Ba ya yanke hukunci. A cikinsa akwai gwajin da aka yi a kan ɓeraye, akwai wanda bai wuce kwalbar ɗakin bincike ba, akwai labarin majiyyaci guda ɗaya tak, har da takardun da aka janye bayan an gano kuskure ko ha'inci. Kasancewar atamfa a rumfar Kantin Kwari ba ya nufin ba za ta zuba ba.

Mun ga haka lokacin korona. A watan Maris na 2020 Didier Raoult da abokan aikinsa a birnin Marsai na Faransa suka fitar da takarda kan mutum 36, suka ce wani magani ɗan uwan kulorokwin yana korar ƙwayar cutar. Shugaban Amurka na lokacin ya yaba, duniya ta ɗauka, a watan nan hukumomin lafiya na Legas suka sanar da cewa an kai mutane asibiti saboda sun ɗirki kulorokwin fiye da kima. Da aka yi babban gwaji a Ingila da dubban majiyyata, sai aka tarar maganin bai rage mutuwa ba. An sanar da wannan a watan Yuni na 2020, amma ba a janye takardar Raoult ba sai Disamban 2024. Fiye da shekaru huɗu duk mai son kafa hujja da ita zai same ta a rumbun nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne takardun da ba a rubuta ba. A 2008 Erick Turner da wasu masana suka bi diddigin gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka. Guda 38 sun nuna maganin yana aiki, an wallafa 37 daga cikinsu. Daga cikin sauran 36 da sakamakonsu bai yi wa kamfanoni daɗi ba, 22 an binne su, 11 an rubuta su da salon da zai sa a zaci an yi nasara. Likitan da ya dogara da mujallu zai ga kashi 94 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali a hannun hukuma kashi 51 ne. To yaya mai lalube a waya zai gano abin da aka ɓoye a aljihun tebur?

Saboda irin wannan ɓoyo ne aka kafa rajistar gwaji. An buɗe ClinicalTrials.gov a 2000, daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi masa rajista tun farko ba, Afirka ma tana da tata, PACTR, da ke Afirka ta Kudu. Amfanin rajista shi ne mai bincike ya faɗi tun kafin ya fara: mutum nawa zai ɗauka, da wane magani zai kwatanta, me zai auna. In ya zo ƙarshe ya sauya magana, a kama shi. Sai dai ita ma rajistar ba shaidar inganci ba ce, shafin ClinicalTrials.gov da kansa yana gargaɗin cewa gwamnatin Amurka ba ta tantance duk abin da aka shigar ba.

Mu da muka san abin da ya faru a Kano bai kamata a koya mana wannan ba. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, yara kusan 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A 1996 babu wani rumbu da ɗan jarida zai buɗe ya ga wa ke gwada me a kan 'ya'yan wa. Yau akwai. Gwajin da aka yi a Kano kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki yana cikin rajista, haka na Nijar kan rage mutuwar ƙananan yara, kowa na iya karantawa. Abin takaici ne a ce kayan aikin da aka samar don sa ido mun mayar da shi abin cin gardama.

Ban ce a daina dubawa ba. Na ce a duba da gaske. In an kawo maka takarda, tambayi ko a kan mutane aka yi gwajin, su nawa ne, ko an raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wa ya biya kuɗin, ko an janye ta. Nemi lambar rajistarta ka kwatanta abin da aka yi alkawarin aunawa da abin da aka wallafa. Bitar da ta tattara dukkan gwaje-gwaje, irin ta Cochrane, ta fi takarda guda nauyi nesa ba kusa ba.

Ina kira ga gidajen rediyonmu su daina sakin tallar da ke cewa bincike ya tabbatar sai mai tallar ya kawo lambar rajistar gwajin da ta NAFDAC. Kai kuma mai karatu, kada ka tura wa ɗan uwanka mai ciwon suga ko hawan jini hoton takardar da ba ka karanta ba, domin yana iya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda kai.