Na Ci Sojoji Huɗu, Na Faɗi Wasan: Me Ya Sa Za Mu Hana Yara Gambit?

 

Tun makon jiya ake ta muhawara a nan kan maganar da wasu manyanmu suka yi, cewa bai kamata a koya wa yara buɗi na gambit ba, wai wayo ne kawai da ke ɓata ɗan wasa. Da na yi niyyar yin shiru, sai ga shi ranar Asabar wani yaro da bai wuce shekara 13 ba ya koya mini darasi a gasar 'yan koyo da muka buga. Ni ne baƙi, shi ne fari. Ga yadda aka yi:

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.b4 Bxb4 5.c3 Ba5 6.d4 exd4 7.O-O dxc3 8.Qb3 Qf6 9.e5 Nxe5 10.Re1 d6 11.Qb5+ c6 12.Qxa5

Wannan shi ne gambit ɗin Evans. A motsi na 4 ya miƙo mini soja, na karɓa, kuma babu laifi a nan. Abin da ya saya da sojan shi ne lokaci: 5.c3 ya kori bishof ɗina, 6.d4 ya kama tsakiya. Kuskurena na farko shi ne 7...dxc3. Kamata ya yi in fito da doki 7...Nge7 in shirya ɓoye sarkina, amma na ga soja na uku a banza, zuciya ta ce ɗauka. Nan take 8.Qb3 ta haɗa sarauniya da bishof a kan f7.

Har a lokacin ban mutu ba. Bayan 9.e5, abin da aka sani shi ne a janye sarauniya zuwa g6 a daure. Ni kuwa sai na ci soja na huɗu da doki. Da ya buga 10.Re1 dokin ya ɗaure, domin sarkina na bayansa a layi ɗaya, ba shi da ikon motsi. Na kare shi da 10...d6, wanda ya buɗe hanyar b5 zuwa e8. Sai 11.Qb5+: cek ga sarki, hari ga bishof ɗin a5, kuma dokin da zai tare ba ya iya tashi. Bishof ya tafi. Na ci gaba da fafutuka na ɗan lokaci, amma duk wanda ya dubi allon ya san magana ta ƙare. Ruk ɗina biyu, dokin g8 da bishof ɗin c8 ko motsi ba su yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yanzu ga hujjata. Masu cewa gambit wayo ne, su nuna mini motsi ɗaya da yaron nan ya yi wanda ya saɓa wa ƙa'idojin da muke koyarwa. Ya fito da kayansa da wuri, ya ɓoye sarkinsa a motsi na 7, ya ɗora ruk a buɗaɗɗen layi. Ni da na shekara ina faɗa wa ɗalibai waɗannan abubuwa, ni ne na karya su duka. Mu 'yan koyo mun iya ƙirga kaya: soja ɗaya, doki uku, ruk biyar, sarauniya tara. Abin da ba mu iya ƙirgawa ba shi ne lokaci, kuma ban san wani buɗi da ke koyar da darajarsa kamar gambit ba. Yaron da ya ba da soja ya san in ya yi sanya motsi biyu, ya yi asara a banza. Dole ya nemi motsi mai ma'ana kowane lokaci.

Kuma wannan buɗi ba na jiya ba ne. Kyaftin William Evans, matuƙin jirgin ruwa ɗan yankin Wales, shi ya fito da shi, ya doke Alexander McDonnell da shi a Landan wajajen 1827. Bobby Fischer ya doke Reuben Fine da shi cikin motsi 17 a wasan sada zumunci a 1963, kuma Fine ma 7...dxc3 ɗin nan ya buga. Garry Kasparov ya kayar da Viswanathan Anand da shi a Riga a 1995 cikin motsi 25. Abin da ya kama waɗannan, ba abin raini ba ne a gasar unguwa.

Sai dai masu adawa suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai yaran da ke haddace tarko daga bidiyo, in abokin wasa bai faɗa ba sai su rasa abin yi. Wannan ba koyon gambit ba ne, caca ce. Maganinsa kuwa a koya musu ɓangarorin biyu. Emanuel Lasker ya nuna hanyar tuntuni: ka karɓi sojan, ka buga d6, ka janye bishof zuwa b6, ka bar fari ya maido da sojansa in yana so. Idan ya yi haka sai a yi musayar sarauniyoyi, harin ya mutu, baƙi ya zauna lafiya da sojoji masu tsari. Yaron da aka yi wa haka sau biyu zai gane cewa gambit ciniki ne, wani lokaci a ci riba, wani lokaci a tashi babu.

Shawarata ga masu horar da yara: ku bar su su buga Evans da makamantansa shekara ɗaya ko biyu, da fari da baƙi, sannan ku zauna da su bayan kowane wasa ku ƙirga motsin da aka ɓata. Buɗi masu natsuwa suna nan suna jiransu in sun girma.

Ga aikin mako: ku jera allo bayan 8.Qb3, ku faɗa mini me za ku buga da baƙi, kafin ku tambayi kwamfuta. Shi kuma ƙanena da ya ci ni, in kana cikin zauren nan, Allah Ya ƙara basira. Ina jiran ramuwa.