Wutar da ke guge riga ita ke ƙone kanti

A wannan mako za mu dubi abin da ke gudana cikin wayoyin da ke rataye a kantunan Dogon Dutsi da ofisoshin Tibiri, domin mai dukiya ya san hatsarin da ke bisa kansa.

Lantarki, wanda muka fi kira kuran, yana bin waya kamar yadda ruwa ke bin tiyo. Jan ƙarfe yana ba shi hanya, roba da busasshen itace suna tare shi. In ya ratsa naɗaɗɗiyar waya sai ta zama maganaɗisu, shi ke juya fanka da injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse. In ya shiga batir sai ya sauya sinadarin ciki, a ajiye ƙarfinsa zuwa dare. Aikinsa na uku, wanda ya fi shafar ɗan kasuwa, shi ne zafi.

Duk wayar da kuran ya bi sai ta ɗumama. Tun a 1841 wani masani ɗan Ingila, James Joule, ya nuna cewa in kuran ya ninka biyu, zafin waya sau huɗu yake ƙaruwa. Shi ya sa layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa jahar Doso zuwa Yamai tun 1976 yake ɗauke da bolt 132.000: in matsi ya yi sama, kuran kaɗan ya isa, hasarar hanya ta ragu. Kafin ya shiga gida, NIGELEC ta sauko da shi zuwa bolt 220.

Wannan zafin shi ke aiki cikin dutsen guga da tukunyar shayi, inda aka gina shi da gangan. Dutsen guga mai wat 1.000 yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, daidai da ƙwan fitila ɗari masu wat 10. To, in mai kanti ya haɗa dutsen guga da firiji da tukunya a siririyar waya guda, robarta za ta yi laushi ta narke, tartsatsi ya faɗa cikin atamfa. Fiz kuwa siririn ƙarfe ne da aka yi don ya riga waya narkewa. Wanda ya musanya shi da kakkaurar waya ya sallami mai gadinsa ne.

Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, mutane da dama sun koma ga janareto da faifan hasken rana. Wayar waɗannan ma dokarta guda ce: ƙaramin batir yana iya tada gobara in wayarsa ta yi siriri.

Saboda haka, a sa waya mai lamba 1,5 ga fitilu, mai 2,5 ga mazaunin filogi. A kafa na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, wadda ke ceton rai in kuran ya bi jikin mutum, musamman mai jiƙaƙƙen hannu. In filogi ya yi zafi ko robar waya ta soma wari, a kashe nan take, a kira ƙwararre. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A sha'anin waya, har kanti take ci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.