*Maigida, Kafin Ka Ce Wa Iyalinka "Ki Rage Ci"*



Saƙonnin da suka fi yi mana yawa kwanan nan kala biyu ne: masu neman haɗin rage tumbi, da masu neman haɗin da amarya za ta cika kafin biki. Abin mamaki, wani lokaci daga gida ɗaya suke fitowa. Yau dai ba haɗi zan ba ku ba. Ni a ganina rabin matsalar ƙiba a gidajenmu daga bakinmu take farawa, tun kafin a je ga kwano.

Ka tuna gaisuwarmu. Mutum ya dawo daga tafiya da tumbi, sai mu ce "Alhaji, an samu hutu." Matar aure ta je ganin gida ta ɗan faɗa, tambayar farko ita ce "mijin naki ba ya ba ki abinci ne?" Wani ya rage kilo biyar bisa shawarar likita, kafin Juma'a an fara raɗe-raɗin ko wata muguwar cuta ce ta kama shi. To wa zai yarda ya rame a garin da ramewa ta zama abin zargi? Wannan tsoron ne ke kai 'yan mata ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya da kanta, akwai haɗari. Ta je asibiti a yaye ta a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta. Ga yadda ake aunawa: ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, ka sake raba abin da ya fito da tsayin. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 an shiga ƙiba. Mai kilo 90 da tsayin mita 1.70 zai samu 31. Idan lissafin ya yi wuya, ɗauki igiya ka auna tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka ta wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, akwai gyara.

Yanzu ga inda nake son maigida ya tsaya ya yi tunani. Ba kowane mai yawan ci ba ne yunwa ke damunsa. Akwai cin damuwa. Matar da ke wuni tsakanin ɗaki da madafi, ga rigimar yara, ga zaman kishi ko rashin haihuwa ko mutuwar da ba ta gama warkewa daga ita ba, sau da yawa abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne cincin da lemo da ragowar shinkafa. Damuwa mai tsawo tana sa jiki ya riƙa fitar da sinadarin kotisol, shi kuwa yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana tara kitse a ciki. Ƙarancin barci ma yana ƙara jin yunwa. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya, ko a majalisa ana shayi da biredi da ƙwai, ba abin mamaki ba ne ya kasa riƙe bakinsa washegari.

Sai kuma ka dawo gida ka ce mata "dubi yadda kika zama." Wallahi gori bai taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya koya wa mutum ci a ɓoye. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta tsere masa, bayan wani lokaci da jikinta ya ƙaru suka sake, shi ya tsere mata, ya yi mata raha cewa ya rama. Ku lura, gudu ya yi tare da ita. Mu kuwa nawa ne cikinmu suka taɓa cewa "tashi mu zaga tsakar gida bayan la'asar"? Kai da kanka, daga Kusugu zuwa kasuwa sai ka tare mai babur. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona, da guga suke jan ruwa, tuwonsu yana ƙonewa a jiki. Mun riƙe girman malmalar, mun saki aikin.

Wani zai ce ƙiba gado ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai cututtuka da magungunan da ke kawo ta, shi ya sa awo a asibiti ya kamata ya zo da farko. Amma gida ɗaya tukunya ɗaya ce, kuma kai ne mai cefane. Ba adalci ba ne ka shigo da katon ɗin lemo, alhali kwalbar rabin lita tana iya ɗaukar sukari fiye da ƙaramin cokali 10, sannan ka zargi wanda ya sha.

Kada kuma a ɗora buri mai karya gwiwa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan, da tafiyar minti 30 kwana biyar a mako. Wanda ya yi niyya don biki ko don bakin mutane, da an watse yake komawa. Wanda ya yi don ya iya sujada ba nishi, ya iya ɗawafi da ƙafarsa, shi ke daɗewa.

Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib ya koyar da raba ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Ka fara da kwanonka a daren yau. Ka ce a rage maka malmala ɗaya, a ƙara miyar zogale ko kuka, a kawo tuwon da wuri bayan magariba, kuma ku ci tare. Mai ciwon sukari da mai juna biyu da mai shayarwa su tuntuɓi likita kafin su canza cimarsu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa sauran masu gida.