KADA MU RAINA HANYAR BURJI

Ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san wasu za su yi mata dariya tun ba su kai ƙarshenta ba. Maganar keke ce, da jar hanyar burjin da muke bi da shi.

Ni ɗan jeka-ka-dawo ne. Yau shekara huɗu ke nan kullum ina tasowa daga ƙauyenmu bayan sallar asuba, in yi tafiyar wajen mil bakwai a kan tsohon keken Baba, ƙirar Phoenix, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Duk wanda muke aji ɗaya da shi ya san sunan da aka laƙaba mini, watau Jan Wando, saboda ƙurar da nake isowa da ita. Da fari abin yana ba ni haushi ƙwarai, har na taɓa ce wa Baba ni dai na gaji, ko dai a saya mini babur ko in zauna gida. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan dokin ba ya cin dawa, ba ya shan fetur. In ka sami wanda ya fi shi sauƙin kiwo, zo ka gaya mini." Ban sami amsa ba a ran nan, har yau kuma ban samu ba.

Wanda bai saba ba yana tsammani hanyar burji iri ɗaya ce duk shekara. Ina! Mu da muke kwana mu tashi a kanta mun san hali huɗu gare ta. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta daddale, babu ƙura babu taɓo, keke yana gudu kamar an shafa wa hanya mai. Wannan shi ne lokacin daɗi, amma ba ya daɗewa. Da hunturu ya kama sai gargada ta fito, watau waɗannan ƙananan tuddai jere da juna kamar kunyoyin gona, waɗanda tayoyin motoci masu gudu suke haifarwa. In ka hau tsakiyarsu sai haƙoranka su yi ta karo, duk wani noti na keke ya kwance. Dabara ita ce ka koma gefe, ka bi ɗan siririn sawun da masu keke suka riga suka fitar. Amma fa gefen nan shi ne gidan tsidau, kuma babu abokin gabar tayar keke kamarsa. Na taɓa yin faci uku a safiya ɗaya.

Da bazara kuwa rairayi ne yake cin mutum. Nan ne yaro mai ƙarfin kai yake bugun taya da famfo har ta yi tauri kamar dutse, ya shiga rairayi ta nutse, ya faɗi. Tsofaffin mahaya sun san a rage iska kaɗan don taya ta baje, a ja jiki baya a kan sirdi, kada a murɗa kan keke da ƙarfi. Sai damina, uwar wahala. Jar ƙasa in ta jiƙe santsi gare ta kamar sabulu, baƙar lakar fadama kuma takan cushe tsakanin taya da murfinta har ƙafar keke ta ƙi juyawa, sai ka sauka ka nemi tsinke kana ƙwaƙulewa, agogo yana tafiya. A watan Agusta na bara kwana tara ban zo makaranta ba, ba don ciwo ba, ba don lalaci ba, sai don wani rafi guda ɗaya da ya cinye hanya a wurin da kwalbati ya karye. A cikin kwanakin nan aka yi gwajin lissafi. Ba ni kaɗai ba ne, mu shida ne daga wannan ɓangaren, biyu mata, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta sake dawowa ba.

To, duk da haka ina cewa kada mu raina wannan hanya, kuma ga dalilina. Ku dubi yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar Bagudo. Kogin Kwara ya ratsa ta. In ka haye ta gadar Tuga ka nufi Ka'oje, daga can hanya tana kai mutum Tsamiya, bakin iyakar Jamhuriyar Benin, inda ake shiga a nufi Segbana. Wata kuma tana kai shi Illo da Lolo, ta wajen Malanville. Waɗannan su ne manyan hanyoyin da kowa ya sani, ba su ne abin maganata ba. Ina magana ne a kan 'ya'yansu, ɗaruruwan ƙananan hanyoyi da suke ɓallewa dama da hagu, su ratsa gonakin dawa da gero, su gangara fadamun shinkafa, su shige ƙarƙashin kaɗanya da ɗorawa da marke, su ɓulla rugar Fulani ko tungar masunta. Ta nan ne shinkafa da kifi da man kaɗe suke fitowa kasuwa. Ta nan ne dangi suke ziyartar dangi, gama Bokawa da Dandawa da Fulani da Hausawa suna zaune a duka ɓangarorin biyu tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakani. Shin akwai mai hankalin da yake tsammani za a malala wa dukkan waɗannan hanyoyi kwalta a zamaninmu? An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, lokacin iyayenmu suna samari. Tun daga ran nan duk kakar zaɓe sai an zo ƙauyenmu an yi alkawarin kwalta. Wanda yake jiran kwalta kafin ya ɗauki hanyarsa da daraja, lalle zai tsufa yana jira.

Wani abin mamaki da malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana a wayarsa shi ne, abin da muke jin kunyarsa, a wasu ƙasashe kuɗi ake biya a same shi. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, tun 2006 ake yin wata tseren keke ta mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa, wadda yanzu ake kira Unbound Gravel. Mutum 34 suka fara ta, yau dubbai ne suke zuwa. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan hanya a ƙasar Italiya. A nan Afirka ma, tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a dajin Masai Mara na Kenya, mutanen Burkina Faso kuwa suna da tserensu ta zagaya ƙasa tun 1987. Har kekuna na musamman ake ƙerawa don burji, masu faɗin taya, wasu ma ana zuba musu wani ruwa mai danƙo a ciki wanda yake toshe hudar ƙaya da kansa. Da na ga wannan sai na ce, kai, da tsidau ya ga ta kansa! Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa don su Turawa ne ba. Su wasa suke yi, mu kuwa rayuwarmu ce. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, sun gudu daga kwalta ne saboda motoci suna kashe su a can, suka ga a kan burji mai keke shi ne sarki. Wannan gaskiya ce a Kansas, gaskiya ce kuma a Ka'oje.

Na san abin da masu babur za su ce: zamani ya wuce keke. To, a ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Ku tambayi iyayenmu nawa kuɗin kabu-kabu ya koma daga ƙauye zuwa gari, ku ninka sau biyu a yini, sau biyar a mako. Yara nawa ne aka ce su dakata tukuna saboda wannan lissafi? Ni kuwa abin da nake kashewa a wata bai wuce kuɗin faci da ɗan man da nake ɗiga wa ƙaca ba. Na yarda babur ya fi sauri, kuma in mace tana naƙuda ba keke za a nema ba. Amma kai yaro makaranta kullum ta Allah, wannan aikin keke ne.

Akwai wata magana mai nauyi wadda ba zan ɓoye ba. Tun 2024 da labarin Lakurawa ya bazu a Sakkwato da Kebbi, dajin bakin iyaka ya daina zama wurin da yaro zai shiga shi kaɗai don yawon buɗe ido. Ba na kiran kowa ya ɗauki keke ya nufi Segbana don ya burge abokai. Iyaka tana da dokokinta da takardunta, mun kuma ga yadda aka rufe ta a watan Agusta na 2019. Mu da muke zuwa daga nesa mun koyi tafiya a ayari, ba ma fita sai gari ya waye sosai, ba ma kai magariba a hanya, in kuwa manya suka ce yau kada a bi wuri kaza, ba ma musu. Sai dai ku lura, hanyar da ta lalace har mutane suka daina bi, ita ce ɓata-gari suke so. Hanyar da take cike da masu keke da masu jaki da mata masu tallar nono, ta fi wuyar yi wa ta'adi.

Saboda haka roƙona ga masu iko ba kwalta ba ne. A gyara kwalbatoci kafin ruwa ya sauka. A turo motar gyaran hanya ko sau ɗaya a shekara bayan kaka, ta kankare gargada, ta tayar da tsakiyar hanya ta fi gefe tudu don ruwa ya riƙa gangarewa, a yashe lambatu. Kuɗin mil ɗaya na kwalta zai yi wannan aiki a mil masu yawa. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar Kebbi ta yanke hanyoyi, ta nuna mana cewa ruwa ba ya jin kunyar kwalta ma in ba a yi masa mafita ba. Iyayenmu kuma, don Allah a bar sare itatuwan bakin hanya don gawayi. Wanda bai taɓa tuƙa keke da azahar a watan Afrilu ba bai san darajar inuwar maɗaci ɗaya ba. A kuma bar 'yan mata su hau keke. Ƙanwata ta fi ni iya ratsa rairayi, amma sai da Inna ta yi wata guda tana shan surutun maƙwabta.

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Mu goma sha ɗaya masu zuwa da keke mun fara zana taswirar hanyoyinmu a bayan wani tsohon kalanda: inda rairayi yake, inda ruwa yake yankewa, inda mai faci yake zama, inda akwai rijiya. Muna so mu miƙa ta ga shugaban makaranta, shi kuma ya kai ta gaba, don in an tashi gyara a san inda ciwon yake. Har yanzu babu wanda ya zana mana ɓangaren yamma. Duk wanda yake bin can, ya same ni ranar Alhamis bayan an tashi, a gindin darbejiyar da muke jingine kekuna, ya zo da fensirinsa.