A Raba Sukuwa Da Caca

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san ƙasar doki ce. Ran da aka yi yaƙin Tabkin Kwatto cikin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja rundunar jama'a da dawakin da ba su wuce ashirin ba, ga shi kuwa abokan gaba sun zo da barade masu yawa. Mutanen ƙasan nan sun san abin da doki ya ke, sun dage wajen kiwonsa da horonsa. Har yau in Salla ta zo, ko aka yi naɗin sarauta, ko wani babban baƙo ya sauka, da dawaki a ke nuna murna, daga Gwandu har Kalgo, daga Birnin Kebbi har Jega. Doki ɗan Arewa kuwa, sunansa ya kai inda mai shi bai taɓa zuwa ba.

Saboda haka ba mu da abin cewa game da sukuwa sai alheri. Wasa ne na maza, gado ne na iyaye da kakanni, kuma abinci ne ga mai sayar da harawa da dusa, da baduku mai ɗinkin sirdi, da maƙeri mai ƙirar linzami da likkafa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata baƙuwa da ke bin sukuwa a baya ko'ina cikin duniya, watau caca. Da can in an ce caca, sai mutum ya tuna da 'yan karta a bayan kasuwa, waɗanda kowa ya san matsayinsu. Yanzu ta sake riga, ta zo da takardu da lissafi, tana kiran kanta ilmi. Wannan sabuwar riga ita ce mu ke so jama'a su duba da kyau.

Ba daga nesa abin ya ke ba. Wanda ya ƙetare iyaka daga Kamba ya shiga Jamhuriyar Nijar zai tarar da rumfuna inda a ke sayar da tikitin cacar dawaki, mutane sun duƙufa kan takardu suna zaɓen lambobi. Dawakin da su ke zuba kuɗi a kansu kuwa suna can Faransa, a filayen Vincennes da Longchamp, ba su taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Da can sai mutum ya je rumfa. Yanzu wayar hannu ta kawo rumfar cikin aljihun kowane saurayi, ko yana Kalgo ko yana Gwandu, ba wanda ya gan shi ya shiga, ba wanda ya gan shi ya fita.

Ga dabarar da a ke koya wa samari. Wai kada su dubi doki kaɗai, su dubi mai horar da shi, gama kowane mai horo yana da halinsa da ba ya sakewa. Wani ya saba in dokinsa ya yi wata uku yana hutu, ran da ya fara fito da shi ran nan ya ke ci. Wani sai a fita ta biyu ko ta uku. Wani in ya sauko da doki daga ajin manya zuwa ajin da ke ƙasa, to, ya shirya. Wani in ya sake mahayi, ko ya ƙara wa doki nisan tsere, ko ya sa masa abin kare gefen ido, alama ce ta yau da niyya ya zo. Sai a tara waɗannan cikin littafi ko cikin kwamfuta, a ce wane cikin fita 20 irin wannan ya ci 6, saboda haka duk ran da ya sake yin haka a zuba kuɗi. Har akwai masu sayar da irin wannan lissafi, suna cewa wanda ya riƙe shi ya fita daga sahun 'yan caca ya shiga sahun masu sana'a.

Ba za mu ce babu gaskiya ko kaɗan cikin maganan nan ba. Lalle horo ya ke fid da doki. Kowane Shamaki na fada ya san dokin da ya sha kilisa safe da yamma, aka auna masa dawa da kanwa, ba daidai ya ke da wanda aka kwance daga turke jiya ba. Tsofaffin masu barga in sun ji hannun da doki ya fito, sun san rabin labarinsa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya nuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina, ya ba dawakin da aka hora nisa mai tsawo, waɗanda ba a hora ba ya ba su gajere. Ashe sanin bambancin horo tsohon ilmi ne, kuma mai daraja. Tambaya ita ce, ko wannan ilmi yana iya mai da caca ta zama hanyar cin abinci? Amsarmu ita ce ba ya iyawa, ga kuwa dalilai.

Na farko, mai rumfa ya kan cire rabonsa tun dawaki ba su tashi ba. Tsarin da a ke bi a Faransa da Amurka da ƙasashe da yawa, wani mutum mai suna Joseph Oller ya fito da shi a Paris cikin 1867. A tara kuɗin kowa wuri ɗaya, masu shirya cacar da Gwamnati su ɗebi nasu, abin da ya rage a raba wa waɗanda suka dace. A Amurka abin da a ke ɗiba ya kan kama daga 15 zuwa 25 cikin 100, gwargwadon irin cacar. To, mu ɗauka 20 ne. In jama'a sun zuba Naira 1,000, Naira 800 za ta komo hannunsu. In sun sake zuba ta, 640 za ta komo. A karo na uku 512. Bayan karo goma abin da ya rage kamar Naira 107 ne kawai. Ko wane doki ya ci, ko wane mai horo ya yi suna, wannan rami yana nan yana shan ruwa. Wanda ya ci kuwa, kuɗin maƙwabcinsa ya ci, ba na mai rumfa ba.

Na biyu, abin da kowa ya sani ba ya sauran riba. Littafin da aka sayar wa saurayin Kalgo an sayar wa dubbai irinsa. In duk suka ga wane ya fito da dokinsa bayan hutu, duk za su zuba a kansa, in ya ci rabon kowa ya zama ɗan kaɗan, in ya faɗi duk su faɗi tare. Masu lura da tsere a Ingila da Amurka sun daɗe da sanin dokin da jama'a suka fi zaɓa ba ya ci sai kamar sau ɗaya cikin uku, kuma wanda ya bi shi kullum hasara ya ke yi a ƙarshe.

Na uku, ƙidaya kaɗan ba ta zama hujja. In ka ɗauki masu horo 100, ka raba aikin kowanne gida 20, ka sami gidaje 2,000. Dole cikinsu a sami waɗansu da za su yi kyau ƙwarai don katari kawai, kamar yadda in mutum 2,000 suka jefa kwabo sau shida, ba za a rasa waɗanda nasu ya faɗi fuska ɗaya duk sau shidan ba. Mai sayar da lissafi waɗannan zai tsamo ya nuna maka, sauran ya rufe. Kallon kitse ke nan a ke yi wa rogo.

Na huɗu, niyyar mai horo tana cikin zuciyarsa. A irin tseren da a ke daidaita ƙarfi, akwai ma'aikaci wanda aikinsa shi ne ya ɗora wa dokin da ya fi gudu nauyi mai yawa, ya rage wa na baya, don su iso kusan tare. Admiral Rous na Ingila shi ya yi suna da wannan aiki cikin ƙarni na 19. Watau duk ƙwazon da doki ya nuna a fili an riga an biya shi da nauyi. Saboda haka ne ma a kan sami mai horon da zai fito da doki ba da niyyar ci ba, don a rage masa kaya ran da ya ke so, laifin da hukumomin tsere ke horon mutane a kansa har yau. Wanda ke zaune gindin bedi a Gwandu, ina zai san abin da aka ƙulla cikin barga a Faransa?

Sa'an nan a dubi irin cacar da aka fi tallatawa. Wadda a ke kira Tiercé, da André Carrus ya ƙago cikin 1954, ita ce mutum ya faɗi na ɗaya da na biyu da na uku. In dawaki 18 ne suka tashi, hanyoyin da ukun farko za su iya jeruwa 4,896 ne. In kuwa biyar na farko a ke so a jere, hanyoyin sun kai 1,028,160. Sanin halin mai horo ɗaya ko biyu ba ya cike wannan rata.

Wani zai ce ai an yi waɗanda suka yi arziki da lissafin dawaki. An yi. Akwai Ba'amurke Bill Benter, wanda ya tara dukiya mai yawa a tseren Hong Kong. Amma sai da ya yi shekaru yana gina lissafinsa cikin kwamfuta, ya yi hasara da fari, ya ɗauki ma'aikata, ya zuba jari mai nauyi. Dukiyar da ya tara kuwa daga aljihun wa ta fito? Daga aljihun ƙananan 'yan caca, masu ɗan littafi da fensir. Labarinsa gargaɗi ne ga samarinmu, gama irinsa ne ke zaune a ɗaya gefen tabarmar.

Duk wannan maganar lissafi ce. Maganar addini kuwa a fili ta ke, kuma ba a ƙasar Malam Abdullahi za a koya wa mutane ita ba. Alƙur'ani ya haɗa caca da giya wuri ɗaya cikin Suratul Ma'ida, ya yi umurni a nisance su. Malamanmu ba su hana tsere ba. Risala ta yi maganarsa, Muhtasar ya ba shi babi nasa. Abin da aka sani a mazhabar Maliki shi ne, ya halatta a yi tseren dawaki da raƙuma da harbi a kan kyauta, in wani ne daban ya ba da ita, kamar Sarki ko wani mai hali, ko kuwa ɗaya daga cikin masu tseren ya fitar bisa sharaɗin ba za ta komo hannunsa ba. Amma 'yan kallo su zuba kuɗi, wanda dokinsa ya ci ya kwashe na sauran, wannan caca ce tsantsa, ko an yi ta da ka, ko an yi ta da kwamfuta.

Nauyin yanzu yana wuyan Jiha. Cikin shekara ta 2000 Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a. Ran 22 ga Nuwamba 2024 kuma Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa dokar Tarayya ta 2005 mai kula da caca ba ta da iko cikin jihohi, al'amarin na Majalisun Jihohi ne. Ba sauran a ce ana jiran Abuja.

Ga shawararmu. Muna roƙon Gwamnatin Jiha da Majalisar Masarautar Gwandu su riƙe sukuwa da hannu biyu, su tsara ta. A kafa kwamiti na masu barga da malamai da likitocin dabbobi. A buɗe littafi a rubuta kowane doki, da shekarunsa, da mai shi, da mai horonsa. A raba aji, kada a haɗa ɗan Arewa da dogon dokin Sudan, kada a haɗa duƙushi da ingarma. A auna mahaya kafin hawa da bayan sauka, a hana ɗora yara ƙanana ba kariya don neman sauƙin nauyi, a hana ɗura wa doki ƙwaya. Kyauta ta fito daga Gwamnati da Sarakuna da attajirai, kuma a ware rabo na musamman ga mai horo, gama shi ne ke tashi da asuba. Duk wanda aka kama yana karɓar kuɗin caca a bakin fili a fitar da shi, kuma kada a karɓi gudummawar kamfanin caca ko da ta kai nawa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga samari kuma, wanda Allah ya ba basirar riƙe lissafin dawaki ashirin da halin masu horonsu, ba ƙaramar baiwa aka yi masa ba. Ga Jami'ar Tarayya nan a ƙasar Kalgo tun 2013, ga barga tana neman mai idon sanin doki, ga kasuwar dabbobi tana neman mai riƙe littafi. Can ne wannan basira za ta haifi abin kirki. Iyaye su lura da abin da 'ya'yansu ke yi da waya, limamai su yi bayani a kan mumbari da harshen da yaro zai gane, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya kiyaye mana gadonmu, ya tsare zuriyarmu daga cin haram, ya ba shugabanninmu ikon tsai da gaskiya, amin.