Shekara 42 a kan kujera ɗaya: koci Krzyzewski da mutumin da ya ƙi korarsa

Yau maganar ƙwallon kwando za mu yi, kuma can Amurka za mu leƙa, jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar Karolina ta Arewa. A can wasan jami'o'i ba na wasa ba ne. Gasar da suke yi a watan Maris kusan ƙasar duka take tsayawa kallo.

Mutumin sunansa Mike Krzyzewski. Kar ku wahalar da harshenku, "Shashefski" ake faɗi, su kansu Amurkawan da suka gaji sai suka koma ce masa Koci K. Ya riƙe ƙungiyar Duke daga 1980 har 2022. Kofin ƙasa biyar: 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Wasa 1,202 ya ci a rayuwarsa ta koci. Ya kuma kai ƙungiyar Amurka ta ɗauko zinariyar Olamfik sau uku a jere, 2008, 2012 da 2016. Ɗan talakawa ne daga Chikago, jikan ƴan Poland, mahaifiyarsa wanke daɓen ofisoshi take yi da dare.

Wannan lissafi kowa na iya kawo shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarunsa uku na farko. Lokacin da Duke ta ɗauko shi daga makarantar sojoji ta West Point yana da shekara 33, kuma kakarsa ta ƙarshe a can wasa 9 ya ci, aka ci shi 17. Ya zo Duke, kaka ta biyu ya ci 10 an ci shi 17, ta uku ya ci 11 an sake cinsa 17. A 1983 jami'ar Bajiniya ta lallasa su 109 da 66. Masu kuɗin da ke tallafa wa ƙungiyar suka tashi tsaye, sai an kore shi. Shugaban wasanni na jami'ar, Tom Butters, ya toshe kunnensa, a 1984 ma ya ƙara masa kwantiragin shekara biyar. Kofin farko bai zo ba sai a kaka ta 11. To ku gaya mini, wace ƙungiya ce yau, ko ta ƙwallon ƙafa ko ta kwando, za ta jira koci shekara 11? Wasa uku ya sha kashi a jere, an fara neman lambar wani. Don haka in za a yaba wa Koci K, a raba yabon, a ba Butters kasonsa.

Shi ma dai ya rama halacci. A 2004 ƙungiyar Lakers ta neme shi, jaridu suka ce da dala miliyan 40 a shekara biyar, wato sama da miliyar 20 na sefa. Ya ce yana nan inda yake.

Zaman da ya yi shi ya haifi al'adar gidan. Filinsu na Cameron ƙarami ne, mutum 9,314 yake ɗauka. Tun 1986 ɗalibai ke kafa tantuna a bakinsa, su kwana makonni cikin ɗarin Janairu da Fabrairu don su samu wurin zama ranar wasa da abokan gabarsu, jami'ar Karolina ta Arewa. Har unguwar tantunan ta samu suna, Krzyzewskiville. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Luol Deng, wanda daga baya ya koma ya riƙe hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu har ƙasar ta je Olamfik a 2024.

Akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Koci na kwasar miliyoyin daloli alhali yaran da ke zufa a fili doka ta hana su cin ko dala da sunansu, sai a 2021 aka sassauta. Sannan gidan da ya yi suna da riƙe ɗan wasa shekara huɗu har ya gama karatu, irin su Grant Hill da Shane Battier, ya koma ɗaukar masu shekara ɗaya su wuce NBA: Kyrie Irving, Jayson Tatum, Zion Williamson. Wasu na cewa bin zamani ne. Ni dai a ganina al'adar ta ɗan rage gishiri a nan.

Ƙarshensa kuma bai zo da daɗi ba. Ranar 5 ga Maris 2022, wasansa na ƙarshe a Cameron, tsofaffin ƴan wasansa kusan 100 suka dawo, sai Karolina ta Arewa ta ci su 94 da 81 a gaban kowa. Da aka miƙa masa makirufo don bikin bankwana, sai da ya fara ba jama'a haƙuri kan wasan. Wata ɗaya bayan nan ƙungiyar nan dai ta sake fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe, 81 da 77.

Kujerar tasa ba a je waje neman mai hawa ba. Jon Scheyer aka ba, yaronsa da ya ɗauki kofin 2010 a fili, ya kuma yi shekaru yana zaune gefensa a matsayin mataimaki. Shekararsa 34 lokacin da ya karɓa, ya girmi maigidan nasa na 1980 da shekara ɗaya tak.