Haƙoran da Za Su Fita Ma Amana Ne

A gidaje da yawa, idan aka ga baƙin ɗigo a haƙorin yaro ɗan shekara huɗu, sai ka ji an ce, “Ai zai yi famfara.” Da wannan kalma ake rufe zancen, a bar yaron da alewarsa. Ina ganin wannan sakaci ne da muke biya da tsada, kuma lokacin koya wa yaro tsaftar baki shi ne ranar da haƙorinsa na farko ya tsiro, wato wajen wata 6 da haihuwa.

Haƙoran farko guda 20 ne, kuma ba ado ba ne kawai. Da su yaro yake tauna abinci, da su yake koyon furta kalmomi, su ne kuma suke riƙe wa haƙoran dindindin gurbi. Idan aka cire ɗaya kafin lokacinsa, na gefensa sukan karkato, sabon ya fito a cunkushe. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, turmin farko na dindindin yakan fito ne wajen shekara 6, can a bayan baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Sai a ɗauka na famfara ne, a bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji. Ruɓewar kuma ba tsutsa ke kawo ta ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale a haƙori suke cin sukarin alewa, biskit, lemon kwalba da shayi, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Da dare yawu yakan ragu, shi ya sa yaron da ya kwanta da zaƙi a baki ya fi kowa shiga haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna yara fiye da miliyan 500 ne ke fama da ruɓewar haƙoran farko.

Wani zai ce makilin ya yi tsada, ga asuwaki da kakanninmu suka rayu da shi, kuma Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da shi. Gaskiya ne, asuwaki yana goge datti, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe alheri. Sai dai kakanninmu ba su tashi da kantin alewa a ƙofar kowace makaranta ba. Makilin mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa haƙori, kuma yaro ƙasa da shekara 3 ba ya buƙatar fiye da kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Kuɗin alewar mako biyu ya isa ya sayi burushi mai laushi. Ba sai an zaɓi ɗaya ba: asuwaki da rana, burushi safe da dare.

Wanda yake ganin maganar ƙarama ce, ya tuna da cutar noma mai cinye kumatu da leɓen yara ’yan shekara 2 zuwa 6. Takan fara ne da ciwon dasashi a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana. A Sakkwato akwai asibiti sukutum domin ita, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Yaro ba ya koyon tsafta da faɗa, da ido yake koya. Uwa ta zaunar da shi a cinya ta goge masa, uba ya tsuguna kusa da buta ya goge nasa yaron yana kallo. A riƙa taya shi har ya kai shekara 7. Yau da dare, kafin ka ce yaranka su kwanta, ka buɗe bakinsu ka duba.